Hoton Da Ya Maƙale A Cikin Kyamara

Ɗaga-Haɓa kowa ke kiransa, domin ba wanda ya taɓa zama kan kujerarsa ya tashi bai ji wannan umarni ba. Jariri ne, alƙali ne, sai an ce ya ɗaga haɓa. Shagonsa yana ƙarƙashin matakalar wani bene, daura da ofishin da ake yin katin shaida, kuma in mutum uku suka shiga, na huɗu sai ya jira a waje. A ciki akwai madubi, da mataji ɗaure da zare don kada ya bi wani gida, da kwat guda ɗaya wadda rabin masu neman aiki na garin suka taɓa sawa. Bango ɗaya farin ƙyalle ne na hoton fasfo. Ɗayan zanen teku ne da jirgin ruwa, alhali mai shagon ko kwale-kwale ba ya yarda ya shiga.

Tun yana saurayi ya koyi sana'ar, zamanin da ake wanke fim a ɗaki mai duhu. Da ita ya yi aure, da ita ya ciyar da 'ya'ya. Da wayoyi suka zo kowa ya zama mai hoto, abokan sana'arsa suka watse, wani ya koma sayar da caja, wani ya koma gona. Shi ya kafe. Ya sayar da babur ɗinsa ya sayi kyamara ta zamani, sabuwa dal daga hannun wakilin kamfani, ya ce ba zai sayi ta hannu ya sayi ciwon kai ba. Matarsa takan ce ko 'ya'yan da ta haifa masa bai taɓa goge musu fuska da ƙyalle mai laushin wanda yake goge gilashin nan da shi ba.

Yana da wata al'ada ta aiki. Kullum da hantsi yakan zare katin ajiya daga kyamarar ya kai wa masu buga manyan hotuna, sai la'asar ya karɓo. In wani ya shigo a tsakani, ba a rasa komai ba, don kyamarar tana da ɗan cikinta da ke riƙe hoto kaɗan. Katin na dawowa sai ya kwashe su. Shekara da shekaru yana haka bai taɓa yin asara ba.

A irin wannan tsakanin ne Inna mai wanki ta shigo wata rana tana janye da ɗanta. Ita ce ke wanke masa farin ƙyallen da kwat ɗin. Ɗan kuwa direban babbar mota ne, ƙato, ga shi da ƙin hoto kamar me, kuma shi kaɗai ya rage mata.

"Malam mai hoto, ɗauke mu tare kafin ya ƙara ficewa," in ji ta. "Wannan in ya hau hanya sai na fara tambayar mutane kamanninsa."

"Inna, ana jirana da kaya fa," in ji ɗan.

"Su jira. Ni ma na jira ka."

Ɗaga-Haɓa ya zaunar da ita gaban tekun, ya tsayar da ɗan a bayanta, ya ɗauka, ya duba, ya ce su dawo jibi. Kafin la'asar kyamarar ta mutu. Da ya buɗe murfin ƙasa sai ya ga batirin ya kumbura kamar burodi, ya cika raminsa ya ƙi fita.

Abin bai tayar masa da hankali ba da farko. Maƙwabcinsa mai gyaran waya, wanda ake wa laƙabi da Injiniya, ya sa ɗan hantsaki ya zaro batirin. Aka shiga kasuwa aka samo wani mai kama da shi. Kyamarar ta kawo wuta, ta rubuta cewa ba ta san wannan batirin ba, ta kashe kanta. Aka gwada na biyu, aka gwada na uku, amsar ɗaya ce. Injiniya ya ce, "Wannan abar taka ta fi mu girman kai. In ba na gidansu ba, ba ta ci."

Ana cikin haka labari ya zo cewa motar ɗan Inna ta faɗi a wata gangara mai nisa, ta kama da wuta. Can aka binne shi. Wayarsa da lasisinsa duk sun tafi tare da shi.

Da masu gaisuwa suka janye, Inna ta zo shagon. Ba ta zauna ba. Ta ce a gidanta kaf ba hotonsa, sai na makaranta, inda yake cikin yara fal aji, kai kamar ƙwayar wake.

"Yana nan, Inna," in ji Ɗaga-Haɓa, ya dafa kyamarar. "Yana cikin nan lafiya lau. Batiri kawai nake jira."

Daga ranar ya zama ɗan gida a layin wayar kamfanin kyamarar. Ya haddace kiɗan da suke sa wa mai jira, har yakan tsinci kansa yana bin sa da baki a banɗaki. Kowane kira sabuwar murya, kowace murya sai an faro mata daga farko. Su tambayi lambar da ke gindin kyamara, ya karanta. Su tambaya ko ya gwada kashewa ya kunna.

"Ranki ya daɗe, abin da ba ya kunnuwa ta yaya zan kashe shi?"

"Mun fahimci damuwarka, yallaɓai. Mun shigar da ƙorafinka."

"Ina kuka shigar da shi? Wancan ma an ce an shigar."

Wani ya ce masa an daina yin irin wannan batirin. Wata ta ce ba a daina ba, yana cikin jirgi. Wani ya ce laifin zafin shagonsa ne, kamar shi ya roƙi rana ta fito. Akwai wanda ya saurare shi har ƙarshe, har ya ce Allah ya jiƙan mamacin, Ɗaga-Haɓa ya ji sanyi a ransa, sai layin ya yanke, bai ƙara samun wannan muryar ba. Mutane masu ladabi ne ƙwarai, wannan kam ba a raba su da shi. Da ladabi suka cinye masa watanni.

Aiki kuma ba ya jira. Da wayar 'yarsa ya koma ɗaukar fasfo, yana riƙe ta kamar wanda ya sato, masu zuwa suna kallonsa suna cewa ai da sun sani da sun ɗauka a gida. Wannan bai ci masa rai kamar zuwan Inna ba. Takan kawo farin ƙyallen a goge ko bai yi datti ba, ta ajiye, ta kalli kyamarar a kan kanta, ba ta tambaya. Rannan ta ce, "Malam, fuskarsa ta fara guje mini. In na rufe ido ina jin muryarsa, ina ganin hannunsa, amma fuskar sai ta ƙi tsayawa."

Ya koma gida ya kasa cin abinci. Tsoro ne ya kama shi, tsoro sosai, irin wanda bai taɓa ji a kan aiki ba. Matarsa ta ce, "Ka bar Injiniya ya farke ta mana, Malam. Ya haɗa mata wayar wuta ko ta minti ɗaya ce." Injiniya kansa ya ce zai iya gwadawa, amma in wuta ta yi yawa cikinta zai ƙone, kada a zo ana kallonsa. Ɗaga-Haɓa ya ƙi. A ganinsa wanda ya ƙera abu ya fi kowa sanin yadda za a taɓa shi ba a yi ɓarna ba.

Daga ƙarshe kamfanin ya ce ya kawo kyamarar, za su sauya mata wani abu a ciki ta karɓi sabon samfurin batiri. Bai ba direba saƙo ba. Ya rufe shago ya hau mota da kansa zuwa babban birni, kyamarar a kan cinya. Ofishin yana da sanyi, da kujeru masu sheƙi, da wata yarinya bayan gilashi.

"'Yata, ki dube ni," ya ce. "Akwai hoto a cikinta, ba a kati ba, a cikinta. Na mamaci ne, uwarsa ba ta da wani. Don girman Allah ki gaya wa mai gyaran."

"Ba komai, Baba. Za a kula."

"Ko zan iya ganinsa na faɗa masa da bakina?"

"Ba a nan ake gyara ba. Aikawa muke yi."

Ya maimaita mata har sai da na bayansa suka fara tsaki. Ya fito yana waiwaye.

Kyamarar ta dawo cikin sabon kwali, an goge ta tana ƙyalli, ga batiri har biyu kyauta, ga takardar ban haƙuri. Ya kunna. Ta kawo wuta nan take, ta tambaye shi yaren da yake so, ta tambaye shi kwanan wata. Ya danna wurin hotuna. Babu komai.

Ya kira su a tsaye. Muryar ta ce ƙa'idarsu ce, duk na'urar da ta shiga gyara sai an goge ta tas an mayar da ita kamar sabuwa, don kare sirrin masu saye. Ta tambaya ko kyamarar na aiki yanzu. Ya ce tana yi. Ta ce to madalla, za ta rufe ƙorafinsa. Injiniya ya kwana biyu yana lalube cikin kyamarar da kwamfutarsa, ya dawo da ita yana girgiza kai.

Da Inna ta zo ta tarar da kyamarar a kunne, sai fuskarta ta washe. Ɗaga-Haɓa ya so ƙasa ta tsage ya shige. Ya ba ta kujera, ya durƙusa a gabanta, ya gaya mata komai bai rage ba, har da cewa an ba shi shawarar a farke ta a nan ya ƙi.

Ta yi ta lanƙwasa bakin mayafinta tana warwarewa.

"Amma kai ka gani," ta ce. "Ranar da ka ɗauka, na ga ka duba."

"Na duba, Inna."

"To gaya mini yadda ya fito. Ni ina gaba, ban ga abin da yake yi a bayana ba."

Ya share fuska da hannun riga. Ya ce ɗan ya sunkuyo don kansa ya shiga hoton, ya ɗora hannu ɗaya a kafaɗarta. Ya ce akwai ɗan tabo a girarsa ta hagu, kuma haƙorinsa na gaba ya ɗan hau ɗan'uwansa.

"Haƙorin ya fito? Ashe dariya yake yi?"

"Dariya yake yi. Kuma ba ni yake kallo ba, Inna. Ke yake kallo."

Ta rufe ido, ta gyara zama a kan kujerar. A waje wani mai neman fasfo yana ƙwanƙwasa ƙofa, ba wanda ya amsa masa.

"Sake faɗa," ta ce. "A hankali. Fara daga girar."