Tsirkiya Takwas da Yaya Ya Sassauta

Ni ce na lallashe shi ya je bikin nan, shi ya sa har yau abin bai bar raina ba.

Yayana makaɗin mandolin ne, wata 'yar garayar Turawa. Da ita ya ciyar da gidansa shekara da shekaru, shi da abokinsa mai gita, daga Mai Wurno zuwa Sinja har Damazin, duk inda ake biki. Su biyu ne kawai, ba ganga, ba mawaƙi. Gitar tana tafiya a ƙasa kamar kogi da rani, mandolin tana tsalle a samanta. Yaya yakan ce baƙuwa ce, an ce daga Italiya ta ƙetaro teku, ta koyi Larabci a gidan rediyo, ta zo hannun mutanenmu ta koyi Hausa. Shi a wurin wani mai gyaran injin ban-ruwa ya koya, ya ɗora mata waƙoƙin niƙa da kakarmu ta gada daga waɗanda suka taso daga Sakkwato.

Ni ba mai son kiɗa ba ce. Na ji abin da malamai ke faɗa, na kuma sha roƙon Allah ya sauya masa sana'a. Da matarsa ta rasu, yaƙi kuma ya watsa mutane, ya rataye mandolin a ƙusa, shekara uku bai taɓa ta ba. Ya rame, ya daina tsokanar kowa. Abin da na roƙa ya zo, ban ji daɗinsa ba.

Akwai abin da duk wanda ya tashi a gidanmu ya sani. Mandolin tsirkiya takwas gare ta, biyu-biyu, kuma dole kowace biyu su yi magana da murya ɗaya. Kafin a fara kiɗa sai Yaya da abokinsa su haɗa kai suna murɗa kunnuwan kayansu, a taɓa, a saurara, a sake murɗawa. Abin yana ɗaukar lokaci. A dā in suka fara, lokacin zuba jabana ke nan, wato gahawarmu, tsofaffi mata su ce wa yara, "Ku yi shiru, ana sasanta tagwaye." Yaya ba ya fara kiɗa sai tagwayen nan huɗu sun shirya, ko gwamna ne ke jira.

Ɗan baffanmu Alhaji, wanda ke da manyan gonaki da taraktoci wajen Damazin, zai aurar da ɗansa. Bai je wurin Yaya ba, wurina ya zo.

"Hajiya, ke kaɗai yake jin maganarki. Ina son kayan gargajiyarmu a bikin nan, yaran yanzu su san muna da asali."

Zuciyata ta yi sanyi. Kwana uku ina bin Yaya da magana. Ya ce yatsunsa sun mutu, na ce za su farfaɗo. Ya ce yanzu ba mai saurare, kowa ogan yake so, wancan piyano mai lantarki, da manyan lasifika. Na ce, "Yaya, ni na yi maka alkawari, za a ji ka." Ban san da wane ƙarfi na yi alkawarin ba.

Ya hau mota har Sennar ya sayo sababbin tsirkiya. Mako biyu shi da abokinsa suna ƙarƙashin rumfata suna maimaitawa, har kan yatsunsa ya tsage, na shafa masa man ridi. Na wanke farar jallabiyarsa, na sa mata sitaci, na goge.

Ranar bikin, bayan azahar, ina sashen mata ina leƙe ta tsakanin labule. An keɓe wani lungu a cikin babbar rumfar, an shimfiɗa tsohuwar tabarma, an jera turmi da ƙwarya da fartanya, duk na aro. Nan aka kai su. Yaya bai taɓa kiɗa a ƙasa ba, a kujera yake zama, amma ya durƙusa ya zauna don kada ya kunyata ɗan'uwa. Sai Alhaji da kansa ya zo ya kifa musu malfa a kan rawunansu, irin ta masu noma. An jera yayana tare da turmi.

Suka fara daidaita tsirkiya. Sababbi ne, ga zafi, ana ɗaure su suna sakewa. Mai ɗaukar hoto yana kewaya su, ya durƙusa, ya miƙe, ya kawo na'urar har kusa da hancin Yaya. Alhaji ya taso daga kan faranti, bakinsa cike da nama, ya tsaya a bayansu yana kaɗa yatsu sama kamar ana tsakiyar kiɗa. Ya sunkuya don fuskarsa ta fito, ya dafa cikin mandolin da hannun da ya ci nama da shi. Daga inda nake na hango ƙyallin maiƙon.

Mai hoto ya ɗaga masa kai. Alhaji ya tafa.

"Halas, ya isa! Mun samu. Allah ya saka da alheri."

Yaya ya ɗago. "Alhaji, ai ba mu fara ba."

"Haba Yaya, duk wagga ƙiriniya da kuke yi tun ɗazu? Kun yi ƙoƙari, wallahi. Kai, a kawo wa dattawa abinci!"

Mai gita ya ce, "Tagwaye biyu suka rage, Alhaji. Ka ba mu..."

Ban ji ƙarshen maganarsa ba, mai ogan ya riga ya saki lasifika. Matar da ke kusa da ni ta zungure ni tana dariya. "Tsofaffi sun manta hannu, Hajiya." Wadda a bikinta Yaya ya yi kiɗa har uwarta ta yi kuka. Ban tashi na ratsa maza na cire wa yayana malfar nan ba, ni da na yi alkawari. Na zauna da tuwo a gabana yana yi mini ƙarni.

Mun dawo gida kafin magariba. Yaya ya nemi tsumma mai tsabta, ya daɗe yana goge maiƙon. Sannan ya zauna a kujera ya ƙarasa sasanta tagwayen da suka rage, a natse, kamar akwai taro a gabansa. Ya zuba hannu a kan takwas ɗin sau ɗaya. Sautin ya cika tsakar gida, har kajina suka ɗaga kai. Daga nan ya kama kunnuwan ɗaya bayan ɗaya yana murɗawa baya, har tsirkiyoyin suka kwanta. Ko a shekaru ukun nan da ya rataye ta bai sassauta su ba. Na san abin da hakan ke nufi.

"Yaya, ka yafe mini."

"Ke mi kika yi, Auta? So kika yi a ji."

Bayan kwana biyu matar Alhaji ta turo mini bidiyon a waya. Ga Yaya da malfa yana murɗa kunnen mandolin, ga Alhaji yana kaɗa yatsu, an ɗora kiɗan ogan a kai, an rubuta da Larabci wai wannan gadonmu ne. Dangi na ta yabawa. Na goge shi, wata ta sake turowa.

Zumunci ba a yanke shi, don haka ina zuwa gaisuwa gidan Alhaji, ina kuma istigfari a kan abin da nake ji. Amma in aka miƙo mini shayi sai na riƙe shi har ya huce.

Mai gita yana zuwa duk Juma'a bayan masallaci, da gitarsa cikin jaka. Yakan jingine ta da bango, su sha jabana, su yi hirar damina. Bai taɓa buɗe jakar ba, Yaya kuma bai taɓa kallon ƙusar da ya mayar da mandolin ba.