Ƙullin Jan Zare

Kawuna tela ne. Shekara talatin yana taka keke ɗaya a shago ɗaya, kuma har yau in na tuna abin da Dogo ya yi masa sai raina ya ɓaci.

Kawu yana da wata ɗabi'a. In ya gama ɗinki, duk ƙyallen da ya rage, ko bai kai tafin hannu ba, sai ya ninke, ya ɗaure da jan zare, ya sa a cikin kayan mai shi. Mukan yi masa tsiya cewa wata rana har ƙurar yadi zai ƙulle ya mayar.

Irin wannan mutumin ne Dogo, telan tsallaken titi, ya kira ɓarawon yadi. Dogon da Kawu ya koya wa riƙon almakashi. Ya dinga bin masu kawo ɗinki yana cewa ƙullin nan rufa ido ne, babban yankin yana ɓoye a ƙarƙashin tebur. Wata malamar makaranta, wadda ta shekara goma Kawu yana yi mata ɗinki, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ya ɗaga rufin teburin a gaban jama'a. Ya ɗaga. Babu komai sai takalmansa. Duk da haka ta kwashi kayanta ta kai wa Dogo, wasu suka bi ta, keken Kawu ya yi shiru.

Na ce, "Kawu, ka bar ni da shi. Na san abin da zan tona, kuma ba ƙarya zan yi ba."

Ya ce, "Ke dai zauna. Wanda nake yi wa sujada ya ga abin da ke ƙarƙashin teburina. Ba zan tsaya gabansa da mugunta a raina ba."

Na zauna, amma ban huce ba.

Bayan wata huɗu, na kai wa Kawu abincin rana, sai ga Dogo yana zufa, da leshin malamar nan a hannu. Ya yanka hannun riga biyu duk na dama, yadin ya ƙare, gobe za ta zo karɓa. Wallahi na gyara zama don in ji daɗi.

Kawu ya ce, "Miƙo in gani."

Ya ture abincin gefe. Har la'asar yana warwara yana haɗa guntaye, sai da gyaran ya ɓace a cikin zanen leshin. Ni aka aika na kai, ko kallon Dogo ban yi ba.

Washegari ina bakin shagon Kawu malamar ta buɗe kayanta a wurin Dogo, wani ɗan ƙulli mai jan zare ya faɗo. Kawu bai yi da gangan ba, hannunsa ne ya saba. Ta ɗauka ta daɗe tana juya shi. Sannan ta tsallako, ta tsaya a daidai inda ta tsaya ranar da ta ci masa mutunci, ta kasa ɗaga kai.

Na buɗe baki, domin maganar wata huɗu na tara mata. Kawu ya riga ni.

"Malama, hannun ba zai matse ki ba ko? Wuyan kuwa aikin Dogo ne. Ya iya wuya, tun yana koyo."