Anguryar Baba

Ranar da muka gudo daga garinmu a kudancin Borno, kowa ya ɗauki abin da hannunsa ya kai. Baba angurya ya ɗauka, irin audugar gonarsa, a ƙulle cikin tsohon rawani. Inna ta yi ta faɗa a hanya, wai mutane na ɗaukar hatsi shi yana ɗaukar abincin shanu. Ko kallonta bai yi ba.

Muka zauna a sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi, daga baya muka kama ɗaki a Yolde Pate. Wani bawan Allah ya ara wa Baba fili, amma ƙasar kanwa ce, da rani sai ta yi fari fat kamar an barbaɗa gari. Baba ya ɗanɗana ta da harshe ya tofar. Ya ce irinsa ba zai shiga nan ba, sai an koma gida. Ya rataye ƙullin a ƙusa, ya koma sayar da itace.

Ni kuwa Allah ya sa na samu jami'a, fannin noma. A shekarar ƙarshe aikina a kan auduga ne da gishiri, irin wanda ke cikin ƙasar kanwa. Muna shuka ta a baƙaƙen ledoji, muna ba ta ruwan gishiri da gangan. Malamarmu ta nuna mana cewa wadda ta sha wuya ta rayu, jikinta kan kunna wasu halayen gado ya kashe wasu, ba tare da irin ya canja ba, kuma wani lokaci 'ya'yanta kan taso da wannan juriyar. A cikin keke mai ƙafa uku, kan gadar Jimeta, ba abin da nake tunani sai ƙullin nan.

Na zayyana wa Baba komai. Ya ce, "Wato ku shayar da ita gishiri har ta saba?"

Na ce, "Eh, Baba. Sai ka shuka a filin nan."

"In ta saba da nan, ta gama da can ke nan. A'a."

Haba! Raina ya ɓaci. Na ce, "Baba, iri ba dutse ba ne, mutuwa yake yi a ajiye. Shekara nawa yana rataye?" Ya ce in gyara bakina. Na fita ina kuka don haushi, wallahi har ƙofar na buga. Kullum labari ɗaya ne, hanyar gida ba ta da kyau, a jira bayan damina. Muka yi ta jira, ɗaki ɗaya, ƙusa ɗaya.

Sai da na gama karatu, ƙafarsa ta fara kumbura, sannan wata safiya ya sauko da ƙullin da kansa. Ya ce, "Ungo. Amma ban da gishiri, ki fara da ruwan daɗi."

Na shuka duka a ledoji a bayan ɗaki. Ya sa aka kai masa tabarma wurin. Kwanaki suka wuce, ƙasa shiru. Na tona da yatsa, anguryar ta ruɓe, tana murmushewa a hannuna. Na tona ta gaba, na tona ta gaba, duk haka.

Ya ce, "Ta fito?"

Na ce, "A'a, Baba. Ko ɗaya."

Ya daɗe yana kallon ledojin. Sannan ya ce, "To yanzu ko an buɗe hanya, me zan kai gida?"