Bogomir Leban, Wanda Ya Yanka Kifaye Ukun Ƙarshe

Zaftarewar dutse ta shekarar 2016 ta binne rafin Lopatnica, ta bar kifin marmara na asali, wani kifin rafi mai zane irin na dutsen marmara, guda uku kacal, dukkansu maza. Ga tarihin mutumin da ya yanka su.

Haihuwa da karatu

An haifi Bogomir Leban, wanda ake kira Mirko, a 1951 a wani ƙauye kusa da garin Tolmin. Mahaifinsa Ciril makiyayin shanu ne, mahaifiyarsa Zofka mai yin cuku. Ya bar makaranta a aji shida, bai kuma taɓa nadama ba.

Aiki da iyali

A 1969 ya kama aiki a gidan kiwon kifi na ƙungiyar masuntan kwarinsu, inda aka ɗora masa alhakin Lopatnica, rafi ɗaya tilo da baƙon kifi bai gurɓata irin kifinsa ba. A 1976 ya auri Marjeta Rutar, suka haifi 'ya'ya uku.

Hukunci

Bayan zaftarewar, a gadon bayansa ya sauko da kifayen cikin garwar madara. Wata masaniya, Dokta Nuša Melinc, ta bayyana masa cewa ana iya ciro ƙwayoyin haihuwa daga cikinsu, a dasa su a jikin 'ya'yan kifi gama-gari da aka hana haihuwar irinsu, bayan shekara uku su zuba ƙwan kifin marmara. Amma sai an yanka ukun.

Mirko ya kai maganar gaban taron ƙungiya. Shugaban ƙungiya, amininsa Drago, ya ƙi.

"Mirko, ka haukace? Mu jira, ƙila a samu mace."

"Wata huɗu ina tonon laka, Drago. Kai mace ɗaya ka taɓa samowa a duniya, ita ma ita ta samo ka."

Aka yi dariya, aka jefa ƙuri'a, aka kayar da Mirko. Washegari da safe ya wasa wuƙa, ya kira Dokta Nuša.

Ƙarshen rayuwa

An kore shi daga aiki da ƙungiya, an kuma haramta masa kamun kifi a kwarin. Bai nemi afuwa ba.

Ya rasu ran 9 ga Maris 2019 sakamakon ciwon huhu, wata goma sha ɗaya kafin ƙwai dubu biyu na kifin marmara su ƙyanƙyashe. Ya bar matarsa da 'ya'ya uku: Jernej, Polona da Tilen. Bisa al'ada, masunta ke ɗaukar gawar ɗan'uwansu da tutar ƙungiya a gaba. Tasa, 'ya'yansa maza biyu da surukinsa suka ɗauka, aka roƙi mai haƙa kabari ya kama kusurwa ta huɗu ta akwatin gawar.