Taurin Sahabi Tela

Jama'a, wannan abu a gabana aka yi shi, da hannuna a ciki, kuma na rantse da Wanda zai karɓi raina ban ƙara masa gishiri ba. Shekarun da nake da ɗan shagon gem ne a Tambuwal, can bayan tasha, lokacin da gem na faifai ya fara shigowa garuruwanmu. Talabijin biyu gare ni da benci uku da wani ƙaramin janareta mai shegen hayaƙi, da safe in yi gyaran rediyo, da rana samari su cika mini shago.

A cikin faya-fayan da na saro a Sakkwato akwai wani na kwafi, ko hoto babu a bayansa. Gem ne na taro wanda mutum fuɗu ke bugawa lokaci guda, kowa da nasa hannu (abin nan da ake riƙewa ana dannawa, mu hannu muke ce masa). Wasu 'yan mutane ne masu ƙaton kai, a ɗora su kan dandamali su yi ta ture juna, ko a ba su gudumar roba su yi ta kwaɗa wa juna, wanda ya rage a tsaye shi ya ci, a wuce wani wasan. Abin dariya ne kawai, ko dattijo ya leƙo sai ya murmusa.

Wata rana ina goge hannu na biyu da tsumma gem yana tashi, ashe na danne maɓallan sama guda fuɗu tare, sai allon ya koma shuɗi, wani farin rubutu ya jeru, shi ba boko ba shi ba ajami ba. Daga baya wani mai karatun kwamfuta ya ce mini masu haɗa gem sukan bar irin wannan ƙofa don gwaji, su manta ba su toshe ba. Ni kuwa Allah ya yi ni da bin ƙwaƙƙwafi, na bi layukan nan ɗaya bayan ɗaya. Na ga abubuwan da babu su a gem ɗin da kowa ya sani. Akwai wani ɗaki toka-toka, ba kiɗa ba komai, da wani mutum tsaye a tsakiya wanda ba a gama yi masa fuska ba, in ka matsa kusa sai ya juyo. Akwai wani wasa da ba a ƙarasa ba, sanduna ne na gaske maimakon roba. Amma layi na bakwai shi ya tafi da ni, domin in ka danna shi mai hannu na biyu ba ya faɗuwa, a taru a yi ta jibgarsa yana tsaye ƙyam, sai fa in ka fita daga wasan, nan take duk dukan da ya sha ya sauko masa gaba ɗaya ya zube. Akwai kuma ɗan sifiri da ke fitowa a kusurwar allo, duk dukan da za a yi cikin gem ba ya motsi, na ce lalatacce ne na share shi. Ban gaya wa kowa ba. Gaskiya ɗaya ce, don in riƙa cutar abokai na ajiye abina.

Ana nan sai bikin wani abokinmu ya taso a Kebbe, aka ce in kawo gem abokan ango su sami abin yi da rana. Muka ɗaure talabijin da janareta a babura biyu, hanyar nan ta gasa mu, ni da taubashina Sahabi, ɗan gwaggona. Kun dai san taubashi, abin da ya faɗa maka wasa ne, abin da ya ƙwace maka ya ƙwatu. Ni da Sahabi tun muna yara ban taɓa gaya masa magana miƙaƙƙiya ba, har na taɓa ce masa shagonsa ya kama wuta ya ratsa kasuwa da gudu ba takalmi. Tela ne, siriri, allura in ta soke shi sai maƙwabta sun ji. Ga shi kakansa na wajen uba ɗan tauri ne da ya yi suna har Sanyinna, mutane suna cewa jini ya tsallake Sahabi. Abin yana cin ransa, na sani sarai, kuma ni na fi kowa yi masa gorin, Allah ya yafe mini.

Bayan azahar na haɗa kaya a zauren gidan ango, janareta na ajiye shi waje jikin katanga, ta hanyar masallaci. Kafin mutane su zauna na lallaɓa na danna layi na bakwai, na riƙe hannu na biyu abina. Sai ji na yi an fizge shi.

Sahabi ya ce, "Miƙo nan, tun ɗazu nika kallonka kana lallaɓa wanga."

Na ce ya ba ni, ga wani can. Abokan ango suka ce haba, taubashinka ne fa, ya ƙwace ya ƙwace. Ba yadda zan yi, na sakar masa, kuma shi ya danna maɓallin farawa.

Cikin masu bugawa akwai wani Gado, mahaucin da ya yanka san biki, ƙato ne mai zuciya a kusa. Sahabi da bai taɓa cin kowa ba sai ga shi ya ci wasa shida a jere, yana dariya yana cewa Gado ya koma ya ci gaba da wankin hanji. A na bakwai Gado ya ajiye hannun gem ya miƙe ya zabga masa mari, marin da sai da na ji shi a haƙorana. Hular Sahabi ta yi can, amma shi ko ƙiftawa bai yi ba. Ni kuwa idona yana kan allo, wallahi a gabana sifirin nan ya koma ɗaya.

Gado ya ƙara masa naushi a baki, ya koma biyu. Ya suri guntun benci ya rafka masa a gadon baya, bencin ya rabe, ya koma uku. Sahabi ya shafa bakinsa, ya duba yatsunsa ba jini, ya ce a hankali, "Ban ji komi ba."

Wani tsoho da ke bakin ƙofa ya ce ai jikan wane ne, taurin kakansa ne ya tashi. Shi ke nan fa. Maganar ta fita waje, makaɗan biki suka ji suka juya kiɗa ya koma na tauri, aka kinkimi Sahabi aka fita da shi fili. Wuƙaƙen da aka yi aikin nama da su suna nan cikin daro, aka kwaso. Gado ya fara goga tasa a damtsensa, ya danna da ƙarfinsa, ko layi bai fito ba. Mata suka ɗauki guɗa daga cikin gida. Sahabi ya cire riga ya jefar, haƙarƙarinsa duk a waje, yana dariya hawaye na zubo masa, yana kiran sunan kakansa. Wannan ya zo ya sara, wancan ya zo ya yanka, wani manomi har da lauje. Ni ina tsakanin taga da allo kamar mahaukaci, ina ganin tara, sha fuɗu, ashirin, kuma a lokacin ne na tuna yadda ɗan mutumin hannu na biyu yake zubewa a allo in an fita daga wasan.

Na kutsa cikin taron na kama shi, na ce, "Sahabi, don girman Allah ka bari, ba tauri ba ne, gem ne, lissafa maka ake yi, in injin can ya mutu duk za su sauko maka."

Aka kwashe da dariya, har makaɗa. Wa zai yarda da taubashi? Na rantse, na ƙara rantsewa, na durƙusa a ƙasa, su kuwa suna cewa kai wannan ya iya wasa.

Sahabi ya ce, "Kun ji shi ko? Yau ma shagona ya kama wuta? Haba ɗan kawu, yau ɗai Allah ya ɗaga ni, shi ma ba ka bari na?"

Yana kallona cikin ido ya karɓi wuƙar Gado ya ja ta a cikinsa daga wannan gefe zuwa wancan, don dai ya ba ni haushi. Taro ya ɗauki ihu.

Na ga magana ba za ta yi ba, na ruga wajen janareta. Mai ya kusa ƙarewa. Na zuƙo na babur ɗina da tiyo, fetur har cikin maƙogwarona, na ɗura masa yana aiki, na zuƙo na babur ɗin Sahabi ma na ƙara. Na koma zaure, ba kowa, na ɗauki hannu na biyu na buɗe shuɗin allon ina neman layin da zai goge lambar, amma rubutun ba na iya karanta shi, bakwai ɗin ma da ƙirga na gane ta, kuma ina tsoron in danna wanda zai rufe wasan in kashe Sahabi da yatsana. Lambar tana talatin da uku, sai ga Gado ya faɗo da taɓarya, idonsa ja, yana cewa wannan akwatin ne ya jawo aka wulaƙanta shi a gaban mutane. Ya ɗaga zai farfasa, na faɗa kan gem ɗin na rufe shi da ƙirjina, hannu na biyun nan yana riƙe a hannuna. Taɓaryar ta sauka a ƙeyata. Na ji ƙararta kamar a turmi, amma zafi ko na cizon sauro ban ji ba. Na ɗago, lambar ta koma talatin da fuɗu. Gado ya dube ni, ya saki taɓaryar ya fita da baya.

Sai aka kira la'asar. Wallahi da na ji kiran nan daɗi na ji, kiɗa ya tsaya, aka zubar da wuƙaƙe, na ce alhamdu lillahi ga mai a inji, yanzu zan samu in ja shi gefe mu yi magana ta hankali. Na manta da abin da kowa ya sani, cewa a wajenmu in an kira salla duk abin da ke ƙara kashe shi ake yi. Baffan ango, dattijon kirki mai carbi, ya zo wucewa masallaci ya ga inji yana ta ɓaɓatu ana kiran salla, ya sunkuya ya kashe shi. Bai yi laifin komai ba, ko ni ne a wata ranar haka zan yi.

Allon ya yi baƙi. Na dafe ƙeyata da hannu biyu na runtse ido ina jira, ban ji komai ba. Sai salati ya tashi a waje.

Sahabi yana tsugune da buta zai yi alwala abin ya same shi. Da na iso bakinsa ya fashe, shatin yatsun Gado ya fito a kumatunsa, damatsansa da bayansa da ƙirjinsa duk sun buɗe lokaci guda, jini yana bin ruwan butar yana gangara cikin rairayi. Cikin nan da ya ja wa wuƙa, ba zan faɗa muku yadda na gan shi ba, rawanin baffan ango muka ɗaure shi da shi. Waɗanda suka sare shi ɗazu suna dariya su ne suka fara tserewa. Na ɗora kansa a cinyata, ya buɗe ido ya gan ni, ya ce, "Ashe yau ba wasa kaka ba." Na laƙƙana masa kalmar shahada, ya yi, kafin a samo mota ya cika.

Ina cikin waɗanda suka yi masa wanka. Na ƙirga, ban san abin da ya sa ba, amma na ƙirga tun daga marin, talatin da uku. Na ɗaga kansa na shafa ƙeyarsa, lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Mutane suka ce wani ne ya karya masa magani, hukuma ta yi tambayoyinta, Gado ya bar garin. Na gaya wa gwaggona gaskiya, ta ce baƙin ciki ne ya taɓa ni, ta yi mini addu'a, kuma addu'ar nan ta fi mini zagi ciwo. Faifan na ƙona shi, shagon na rufe.

Ni dai ban san ko mene ne masu haɗa gem ɗin suka bari a ciki ba, ban kuma san dalilin da talatin da uku suka sauka ɗaya ta tsaya ba. Abin da na sani, taɓaryar Gado har yau ba ta iso ba. Duk inda nake, a gida ko a sahun salla, in aka ɗauke wuta ko aka kashe inji kusa da ni, sai na tsinci hannuna a ƙeyata, 'ya'yana har dariya suke yi mini.

Don Allah in kun tarar da ƙofar da masu abu suka rufe, ku bar ta yadda kuka gan ta. Kuma duk wasan da ke tsakaninku da mutum, ku ware kalma ɗaya da in an faɗe ta kowa ya san ba wasa ba ne. Ni da Sahabi ba mu ware ba. Wanda ya karanta wannan ya yi masa addu'a, hannu na biyun nan da ya fizge ni na shirya wa kaina.