Malam Ta na Salaga

Zaren ya ƙi shiga. Malam Hudu ya sake lasar bakin zaren, ya ɗaga allurar wajen hasken ƙofa, ya runtse ido ɗaya, yadda yake yi kowace safiya kafin ya hau keken ɗinki. Daidai nan Sadiatu mai koko ta ajiye masa kofinsa a kan benci, tana ba shi haƙuri cewa yau babu ƙosai, 'yarta ya kwana da zazzaɓi.

"Ta kwana," in ji shi, bai ko ɗago ba.

"Ai shi na ce, Malam."

Shekara ashirin ke nan suna wannan, ba ta gyara ba, shi kuma bai gaji ba. Hausar Zango ba ta damu da namiji ko mace ba. Kowa "ya" ne, daga liman har ungozoma. Amma kakannin Malam Hudu daga Kano suka zo da jakunansu neman goro, a zamanin da Salaga ke kiran duniya duniya na amsawa. Ba su bar masa komai ba sai gida mai busasshiyar rijiya a tsakiya, da harshe. Rijiyar ya rufe ta da kwano. Harshen kuwa kullum yana goge shi kamar tasa ta gado, har garin ya laƙaba masa suna Malam Ta. Yana nuna kamar ba ya so, alhali yana so.

A Yendi ya koyi ɗinki, shekara tara yana haɗa ƙyallayen saƙi suna zama batakari, rigar nan mai faɗi da ke buɗewa kamar laima idan mai ita ya juya. Daga can wata babbar Sallah ta kai shi Bawku ɗinka wa dillalan shanu riguna, ya tafi don wata guda ya yi shekara huɗu, saboda wata yarinya mai sayar da albasa da ake kira Damata. A bakin Damata rana ma "ya faɗi" take yi. Ya aure ta, ya kawo ta Salaga, ya yi shekara talatin yana gyara mata magana tana yi masa dariya. Sau ɗaya tak ya ƙyale ta: ranar da take kwance ciwon ajali, ta dubi 'yarsu da ke gyangyaɗi a bakin gado ta ce, "Taslima ya gaji, ka ce ya kwanta."

'Ya'ya biyu ta bar masa. Taslima ce babba, amma jinyar uwarta ta cinye mata shekara biyu, shi ya sa suka gama jami'a rana ɗaya da ƙanenta Sa'id. Da suka ƙare hidimar ƙasa ba wanda ya yi zancen dawowa gida. Tamale suka nufa, inda kowa ke nufa. Doyar Salaga can take zuwa, waken suyar Yendi can, albasar Bawku da kaɗanyar dajin arewa duka can, kafin manyan motoci su gangara da su kudu. Yanzu kuma ta ƙara da yaran da suka yi karatu. Malam Hudu kan ce Tamale ta karɓi kiran da Salaga ta yar, kuma ba ta mayar da abin da ta haɗiye. Duk da haka da hannunsa ya ɗaure wa Sa'id akwati. Taslima ita ta ɗaure nata.

Idan waya ta yi ƙara ya ga sunan Sa'id, ajiye allura yake yi. Idan Taslima ce, yakan saƙale wayar tsakanin kunne da kafaɗa, ya tambaye ta lafiyar ƙanenta, ko yana cin abinci, ko an kira shi daga wani ofis, sannan ya sa mata albarka ya kashe. Bai taɓa ɗaukar wannan wani abu ba.

Wata Laraba Zulkarnain, direban motar haya ɗan Bawku da ke jigila tsakanin Salaga da Tamale, ya leƙo shagon da fara'a.

"Malam, albishir. Yaro naka ya samu aiki babba. Na gan shi cikin mota na kamfani, har ya ɗaga mini hannu."

Ya ƙara da cewa kamfanin man kaɗe ne, mai aikawa ƙasashen waje, kuma an ce shi ne babba a wajen gwaji. Malam Hudu bai tambayi komai ba. Ya kira Sa'id nan take, ya ce ya ji labarin aiki. Sa'id ya ce alhamdu lillahi, da murya mai sakin jiki. Sai uban ya ce dama ya san ba zai ba shi kunya ba, shi ne zai ɗaga gidan nan. Can Sa'id ya ce amin.

Ran Juma'a aka yi sadaka. Sadiatu ta soya masa ƙosai, aka raba a zauren liman, inda dattawan unguwa ke zama bayan an sauko. Malam Hudu ya miƙe ya faɗi sunan Sa'id sau uku, aka yi addu'a, wani ya ɗauka a waya. Daren Asabar bai kai ba ya yanka saƙi mafi kyau da yake ajiye, baƙi da fari mai siririn ja. Kwana goma sha ɗaya ya yi a kan rigar. Da ya gama ya naɗe ta a jaka ya hau motar safe, bai gaya wa kowa a Tamale yana tafe ba.

Bakin ƙofar kamfanin cike yake da mata da buhunan kaɗanya, ana jin Dagbanci da Kusasanci da Hausa suna cuɗanya. Ya gaya wa mai gadi wajen ɗansa ya zo, Sa'id Hudu. Mai gadin ya juya sunan a baki ya ce babu. Ya yi tunani ya ce, "Sai dai Taslima Hudu. Shi ne babba a wajen gwaji."

Shi ne.

Malam Hudu ya ji kalmar ta sauka masa a ciki kamar guga a rijiyar gidansu, babu ruwan da zai tare ta. Da wani ne ya yi wannan kuskuren, da sai a ce baƙo ne. Amma shi, wanda ya yi shekara talatin a ɗaki ɗaya da wannan "ya", wanda ko a cikin barci zai iya gane inda take nufin mace? Zulkarnain ɗan garin su Damata ne, harshensu ɗaya. Tambaya guda ta isa: wanne daga ciki? Bai yi ta ba, domin a zuciyarsa babu wanne. Ban da ranar ciwon Damata, ranar nan kaɗai Malam Ta ya ji "ya" bai gyara ba, saboda ta yi masa daɗi.

Taslima ta fito cikin farar riga ta aiki, hula a kan ɗankwalinta. Ta durƙusa har ƙasa a gaban matan nan ta gaishe shi, ta karɓi jakarsa, ta kai shi wani ƙaramin ɗaki mai sanyi da ƙamshin man kaɗe. Ta kawo ruwa. Ta nuna masa aikinta: yadda take fasa ƙwaya ta duba cikinta, yadda take gane wadda aka shanya a kan ƙasa da wadda aka shanya a kan tabarma, yadda take zagaya ƙungiyoyin mata daga Yendi har Bawku tana koya musu. Ta ce a Bawku wata tsohuwa ta gane ta da goshin uwarta.

Yana sauraro yana auna kafaɗunta da ido, halin tela, sai ya tarar bai san awonta ba. Rabon da ya ɗinka mata wani abu tun rigar makarantar firamare.

Ya tambaye ta ko ta ji labarin sadakar. Ta ce ta gani a waya tun ranar. Ya tambaya me ya sa ba ta gaya masa aikin ba. Ta ce ta kira sau biyu a makon da aka ɗauke ta, ya tambayi Sa'id, ta amsa, ya sa mata albarka. Ba da zafi ta faɗa ba, kuma rashin zafin ne ya fi ƙona shi. Sa'id kuwa, in ji ta, da safe yana yawo da takardunsa ofis-ofis, da rana yana tuƙa keke mai ƙafa uku da ake kira yalo-yalo. Tun ranar sadakar ya daina ɗaukar fasinja a tashar motar Salaga, don kunyar haɗuwa da mutanen gida.

Bakin rigar ya leƙo daga jaka. Ta shafa saƙin da bayan hannu.

"Ta yi kyau, Baba. Ka ba shi da hannunka. Maganar gida kuma a bar ta haka, ni ba ta rage ni da komai ba."

Da yamma ya ga Sa'id. Ya ba shi rigar, yaron ya riƙe ta a ƙirji yana kallon ƙasa, ya fara neman gafara. Uban ya ce ba shi ya yi laifi ba, ya ce masa ya koma tashar Salaga ya ɗauki fasinjansa, shi zai share masa hanya. Bai san yadda zai yi ba lokacin da ya faɗa.

Kwana uku bayan dawowarsa bai gyara wa kowa magana ba. Sadiatu ta ce 'yarta ya warke, ta tsaya tana jira, ba abin da ya zo. Ta tambaye shi ko jikin ne.

Juma'a ta zagayo. A zauren liman an baje tabarmi, ana fasa goro, Zulkarnain ma yana gefe yana jiran motarsa ta cika. Malam Hudu ya zauna kusa da ƙofa, inda ba wurinsa ba. Wani tsohon dillalin doya, abokin tsokanarsa tun ƙuruciya, ya ɗaga murya ya tambayi uban babban ma'aikaci yaya ya baro mai gwajin kaɗanya.

Malam Hudu ya lashi leɓe kamar mai shirin zura zare.

"Tana lafiya. Tana gaishe ku."

Zauren ya ɗauki dariya. Dillalin ya buga cinya ya ce yau dai Allah ya kama Malam Ta, Tamale ta kwana ɗaya ta karya masa harshe. "Yana lafiya ake cewa, Malam. Namiji ne fa."

"Na san abin da na faɗa," in ji Malam Hudu. "Ta samu aiki. Taslima. Sa'id yana nema, yana tuƙa yalo-yalo kafin Allah ya kawo, in kun sauka a tasha ku hau nasa. Addu'ar da kuka yi ranar nan, ni na ba ku sunan da ba shi ba."

Dariyar ta janye a hankali. Zulkarnain ya dubi wannan ya dubi wancan, ya ce shi dai tun farko abin da ya faɗa ke nan. Liman ya gyara zama, ya ce a ɗaga hannu a sake, ya tambayi sunan yarinyar cikakke.

Malam Hudu ya faɗa sau ɗaya, har da sunan uwarta. Aka shafa. Bai iya tsayawa a dube shi ba. Ya lalubi takalmansa a bakin ƙofa, ya sa na hagu a dama, ya fita a haka.