'Yar Tocilar Duba Idon Baba

Ranar wata Laraba wani sa ya tunkuɗe Baba a kara, kasuwar shanu. Tun ban san kaina ba yake dillancin shanu, dabba ba ta taɓa kai shi ƙasa ba sai ranar. Ya faɗi ta baya, ƙeyarsa ta bugi turke, ya ɗan suma sannan ya farfaɗo. Ina aji ina koyarwa aka kira ni.

Da na isa asibiti an riga an ɗinke wurin. Yana zaune yana faɗan a nemo masa hularsa. Likita ya ce mu tafi gida, amma a sa masa ido. Wata nas dattijuwa, mai irin Hausar nan ta Minna da mace ma "ka" ake ce mata, ta jawo ni kusa da gadon.

"Kai ne babban yarinya? To, ka duba nan."

Ta ciro 'yar tocila daga aljihu ta haska idon Baba. Ɗan baƙin da ke tsakiyar idon ya tsuke nan take.

"Ka gani? Duka biyu su tsuke iri ɗaya. In ɗaya ya ƙi, ko ya yi amai, ko barci ya yi yawa, ka kawo shi da gudu. Kar ka jira kowa."

Muna komawa gida Tudun Fulani na gwada da fitilar wayata. Hasken ya watsu a fuskarsa gaba ɗaya, ya runtse ido yana hawaye, ban ga komai ba. Idon Baba baƙi ne ƙwarai, ba a gane inda tsakiyar ta fara. Inna ta kawo babbar tocilar gida, ita kam ta fi muni. Na sake gwadawa har sau huɗu, sai da ya ce in rabu da shi haka nan. An ba ni aiki guda ɗaya tak, na kasa yi.

Ana idar da la'asar na tari keke mai ƙafa uku zuwa Bosso, inda ɗalibai ke sayen ƙananan kaya, neman 'yar tocila irin ta nas ɗin. Shagon farko manya ne kawai masu caji. A na biyu aka miƙo mini wata da ke jikin laitar kunna wuta, haskenta kamar na garwashin da ya kusa mutuwa. Wani ya nuna mini mai fitar da jan ɗigo, da na faɗi abin da zan yi da ita sai ya fizge kayarsa, ya ce wannan makanta mutum take yi. Na fito ina tafiya ban san inda na nufa ba. Kowane mai keke da ya wuce sai in ga kamar ni aka aiko shi ya nema daga gida da mugun labari.

Can kusa da kwana na ga wani tsoho mai teburin kwaɗo da makullai. A jikin ƙusa ya rataye tarin ƙananan tociloli masu zoben maƙala makulli, kowace ba ta wuce ɗan yatsa ba. Na fara kunna su ɗaya bayan ɗaya. Wata haskenta shuɗi ne. Wata sai ta yi ta ƙiftawa kafin ta tsaya. Wata in an saki maɓallin ta mutu, ni kuwa ina buƙatar ɗaya hannun in riƙe fatar ido. Ga rana kuma, ba a gane ƙarfin kowace.

"Baba, kana da madubi?"

"Babu, 'yata. Me za ki yi da shi?"

Na buɗe baki in yi bayani, kuka ya riga ni. Da ƙyar ya fahimta. Sai ya cire tabarau, ya zauna a kan benci ya ɗaga fuska.

"Gwada a nawa."

Na yi mana inuwa da mayafina. Mutane na wucewa suna kallon mace a sunkuye kan tsoho tana buɗe masa ido. Ta farko ta sa shi hawaye. Ta biyu ba ta nuna komai ba. Bai motsa ba, sai dai ya ce, "Ɗauko wata." Wata baƙa ta ƙarfe ce ta yi: haskenta fari ne siriri, maɓallinta a gindi, in an danna ya zauna. Na ga baƙin idonsa ya tsuke, na kawar, ya buɗe. Na maimaita sau uku don in tabbata. Ya sa mata sabon batir, ya ƙara mini wani, ya maƙala ta a makullin ɗakina da kansa.

Ni 'yar fari ce. Baba bai taɓa kiran sunana ba, ban kuma taɓa kallon ƙwayar idonsa ba. Yanzu ga ni durƙushe a gabansa bayan kowace salla, ina riƙe masa haɓa. Shi yakan kalli rufin ɗaki, ni in kalli abin da aka ce in kalla.

Ranar Juma'a da hantsi ya ƙi kunun da Inna ta dama, ya ce barci yake ji. Na haska idon hagu, ya tsuke. Na haska na dama, ya tsaya a buɗe. Na girgiza tocilar, na canja batir, na sake. Bai motsa ba.

Ƙanen Baba ya ce gajiya ce, a bari a sauko daga masallaci.

"Baffa, wallahi ba zan jira ba."

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Na fita titi ba takalmi na tsayar da mai keke. Kafin mu kai asibiti Baba ya yi amai a jikina, ya daina amsawa. Daga nan aka wuce da mu Abuja a motar asibiti. Jini ne ya taru a cikin kansa, aka yi masa aiki a ranar.

Ya rayu. Hannunsa na hagu bai dawo daidai ba, maganarsa kuma ta yi nauyi, bai sake zuwa kara ba. Yanzu a zaure yake wuni. Abokan cinikinsa kan zo su nuna masa hoton sa a waya, ya daɗe yana dubawa, sannan ya gaya musu ko su saya ko su bari.